Goran Bature

Ba zan ɓata lokaci kan yadda muka bar Daudawa ba. Abin da nake so a sani tun farko shi ne, ni aka aiko wa takarda daga Kamaru, ba Lami ba. Gwaggo Yalwa, ƙanwar babana da aure ya kai Biktoriya can bakin teku, ita ta sa aka rubuto cewa wani kamfanin katako yana neman mai buga tafireta, in zo da takardun makarantata. Lami rakiya ce kawai. Baba ya ce ɗiya mace ba ta ƙetare ƙasa ita kaɗai, sai aka ɗauko ta daga Sheme aka haɗa mu. Ɗiyar wata ƙanwar Baba ce, wato taubashiyata, kuma tunda ni ɗiyar namiji ce ita ɗiyar mace, a wasanmu baiwata ce. Haka nake kiranta, tana amsawa da dariya. Aji huɗu ta yi a firamare aka cire ta. Ni kuwa na gama sakandare.

A Ikom na fara sanin mun yi nisa da gida. Muna sauka daga mota wani mutum mai rigar kaki ya tare mu, da hatimi a hannu, ya ce da Turanci mai daɗi sai an buga wa takardunmu tambari kafin mu isa kan iyaka. Turancin nan shi ya ci ni. Lami ta ja mini gefen mayafi.

"Habi, dubi ƙahwarshi. Ma'aikaci da silifas?"

"Rufe mini baki, mi kika sani?"

Ya ce ofis ya tashi, amma zai bi ta ƙofar baya ya taimake mu, sai dai in ba shi agogona ya riƙe shaida don kada mu gudu da aikinsa. Na kwance na ba shi. Agogon da Baba ya saya mini ranar da sakamakon jarrabawa ya fito. Mutumin ya zagaya bayan wata rumfa, har yau bai gama zagayowa ba. Lami ba ta ce ai na faɗa miki ba. Da ta faɗa da na samu abin yi wa faɗa. Sai ta ɗauki akwatina ta haɗa da ƙunshinta ta aza bisa kai, ta yi gaba.

Tsakanin Mamfe da Kumba kwana uku muka yi a cikin taɓo. Motar ta kafe har gindi, maza suna tura ta suna zagin direba da harsuna huɗu. Wata tsohuwa a bukkar gefen hanya ta gasa mana agade, ta barbaɗa gishiri da manja. Ba ta jin Hausa, ba ma jin nata. Ni na yi mata godiya da Turanci. Lami ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta tashi ta ɗebo mata ruwa a rafi ba wanda ya sa ta. Da za mu tafi, tsohuwar ta riƙe fuskar Lami tana ta magana, ta ƙulla mata gyaɗa a bakin zane. Ni kuwa hannu kawai ta ɗaga mini. Gyaɗar tare muka ci, amma ta tsaya mini a wuya.

Biktoriya gari ne da ruwan sama ba ya gajiya. Yashin bakin teku baƙi ƙirin, dutse ya tokare sama a bayan gari, wanki kwana biyu bai bushe ba. Washegarin isarmu na yi kwalliya na tafi kamfanin katako. Wani akawu ya juya takarduna gaba da baya, ya tambaye ni ko ina buga Faransanci. Na ce a wasiƙa ba a ce haka ba. Ya ce to yanzu an ce. Shi ke nan aikin da na ƙetare ƙasa dominsa.

Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda ya ji daga Nijeriya nake sai ya riƙe baki. Lokacin kuɗin mai sun cika ƙasarmu, malamin firamare ma yana hawa sabon babur, 'yan Kamaru suna tururuwa can neman aiki. "Kowa na gudu zuwa gidanku, ke kin gudo nan?" Gaskiyar ita ce, Baba ne ya ƙi in yi aiki a Kaduna cikin baƙi, ya yarda da Kamaru saboda akwai Gwaggo.

Wata huɗu na yi a ɗakin Gwaggo ina rubuta takardun neman aiki. Gwaggo tana sayar da tuwon shinkafa da waina a ƙofar tashar jiragen ruwa, Lami ta zama hannun damarta. Kafin wata biyu ta iya Buroka, Turancin nan na kasuwa da ni nake toshe kunne in na ji shi. Tana ciniki da shi, tana faɗa da shi, har ba'a take yi wa masu dako suna ƙyaƙyatawa. Ta kira Gwaggo Inna, Gwaggo ta kira ta ɗiyar albarka. Ni kuma "Malama". In na fito tsakar gida sai Gwaggo ta ce, "A ba Malama wuri kada hayaƙi ya taɓa ta." Na rame. Ina kewar tuwon dawa da miyar kuka mai daddawar gaske, ina kewar hayaniyar kasuwar auduga, har kukan jakunan Daudawa na yi marmari. Lami kuwa kumatu ta yi. Wurin da ya ƙi ni, ita ya karɓe ta, kuma ban yafe mata wannan ba.

Ran nan Gwaggo ta dawo da labari. Akwai wani jirgin ruwa mai kai fasinja Kalaba, yawancinsu Hausawa 'yan kasuwa. Hukumar tasha ta kafa doka cewa jirgi ba zai tashi ba sai an yi wa fasinja bayanin kiyaye rai da harshen da suke ji, kuma kowa ya gwada rigar ruwa a gaban jami'i. Kyaftin ɗin yana cin abinci wurin Gwaggo, ya ce yana neman mace mai jin Hausa da Turanci ta riƙa yin bayanin, ta kuma kula da sashen mata. Mutum ɗaya za a ɗauka. Akwai albashi, akwai farar riga.

"Wannan naki ne, Malama," in ji Gwaggo. "Jibi jirgin zai tashi, ya ce ki zo ki gwada."

Kyaftin ya aiko da takardar bayanin, na zauna na fassara ta kalma bayan kalma, na haddace, ina ta nanatawa da ƙarfi Lami tana ji. Lami ta ce za ta raka ni ta riƙe mini lema. Na ce baiwa ai aikinta ke nan.

Da hantsi muka hau jirgin. Fasinja sun cika farfajiyar sama, maza gefe guda bisa buzaye da tabarmi, mata gefe guda cikin ƙullin kaya da kwanuka da yara. Akwai 'yan Garwa, 'yan Ngaundare, Kanawa, har da wani Alhaji mai fatu da na ji Katsinanci a bakinsa. Jami'in tasha yana tsaye da littafi. Kyaftin, wani gajeren mutum mai furfura a gemu, ya ce mini in hanzarta, ruwa yana janyewa, in ya wuce awa guda sai gobe. Ma'aikata suka zube rigunan a tsakiya, masu ruwan goro, masu kauri kamar matashin kai, kowace da igiyoyi da usur.

Na hau kan wani akwati na ɗaga murya yadda muke yi a muhawarar makaranta.

"Ku saurara. Idan jirgin nan ya nutse, ko ya kama da wuta, ko ya kife a tsakiyar teku..."

Ban kai ƙarshen jimlar ba.

"A'uzu billahi!"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Wata Hajiya mai haƙorin Makka ta tofar da yawu gefe sau uku, ta jawo jikanta ta rufe masa kunne. Alhaji mai fatu ya miƙe da carbi a hannu.

"Ke ɗiyar nan, ɗiyar wa ce ke? Ko sallama babu, mutane na bisa ruwa ki buɗe baki da nutsewa? Haka aka koya maku?"

Da mai hankali ce da na sassauta. Ni kuwa sai na ji an taɓa ni a gaban Kyaftin.

"Alhaji, ba ni na rubuta ba, doka ce. Duk wanda bai sa rigar nan ba, in jirgi ya nutse mutuwa zai yi. Teku ba ta san Alhaji ba."

Wuri ya kacame. Mata suka fara ɗaure kaya. Hajiya ta ce ita ba za ta bi jirgin da aka yi wa mugun baki ba, a sauke mata kwanukanta. Wani ya harbi rigunan da ƙafa ya ce wannan ai likkafani ake raba musu tun da rai. Mutum kusan goma suka nufi matakala. Kyaftin ba ya jin Hausa, amma ya ga fasinjansa suna sauka. Ya dube ni, ya dubi ruwa.

Sai na ga Lami ta ajiye lema. Ba kan akwati ta hau ba. Ta je gaban Alhaji ta durƙusa har ƙasa.

"Salamu alaikum. Baba Alhaji, ina kwana? An tashi lahiya? Ya gajiyar hanya?" Ta juya wajen mata. "Hajiya, barka da hantsi. Iyayena, ku yi mata afuwa. Yayata ce. Boko ne, can ba a koya masu gaisuwa, sai lissahi."

Aka yi 'yar dariya. A kaina aka yi ta. Na ji kamar in tura ta cikin ruwan.

"Baba Alhaji, na ji harshenka, halan daga wajenmu kake?"

"Ƙanƙara."

"Ashe gida ne. Ni ɗiyar mai fito ce daga Sheme. Ka taɓa ƙetare gulbi da damina bisa gora?"

Gora shi ne ƙaton duman nan da masu fito suke ba mutum ya runguma in gulbi ya kawo, su ja shi zuwa ƙetare. Alhaji ya ce tun ba a haife ta ba yake hawa gora.

"To da babana ya miƙo maka gora, mugun hwata ya yi maka?"

Alhaji ya ja carbi ɗaya. "A'a."

Ta ɗauki riga ɗaya ta matsa ta da yatsa, ta kai hanci. "Wallahi audugar rimi ce ciki, irin ta matashi. Wanga goran Bature ne. Shi bai iya shuka duma ba, sai ya ɗinka nashi. Ba hwata muke ba, Allah shi kai mu lahiya shi maido mu lahiya."

"Amin," in ji wurin gaba ɗaya, har da waɗanda ke kan matakala.

"Amma ko Sheme ba a shiga ruwa sai an gwada ma mutum riƙon gora tun a gaɓa. Hajiya, zo in gwada a kanki, ke ce babba."

"Ni? Da wannan jikin?"

"Ai shi ya sa. In ta shige ki, ta shige kowa."

Hajiya ta yi dariya har haƙorin Makka ya haska, ta miƙa wuya. Lami ta zura mata rigar ta kai, ta zagaya igiya ta bayan ƙugu ta ɗaure a gaba, tana yi tana faɗi: ɗauri irin na goyo, kada a yi zarge, a ja sosai har sai an ji numfashi ya ɗan tokare. Ta sa jikan Hajiya ya busa usur, yara suka yi caa kowa yana son nasa. Ta riƙa tambayar Kyaftin da Buroka tana juyawa da Hausa. Ta ce in aka ji jirgi ya yi kuka gajeru a jere sannan ya ja dogo ɗaya, ranar da ba ma fata, kowa ya ɗauki goransa ya taka a hankali zuwa inda ƙananan kwale-kwale suke rataye. Kada a taru gefe guda, ko kwarya ce aka danne mata baki ɗaya ai ta san abin da za ta yi. Kada a kunna risho a kan jirgi, mai son ruwan zafi ya zo wurin ma'aikata. Yara da tsofaffi su ne gaba. Kalmar nan da na faɗa, ita ko sau ɗaya ba ta bari ta fito bakinta ba, amma kowa ya gane.

Kafin rabin awa jirgin ya zama ruwan goro tun daga gaba har baya. Alhaji mai fatu yana tsaye da riga bisa babbar riga yana tambaya ko ya ɗaura daidai. Jami'in tasha yana bi yana dubawa.

Ina nan bisa akwati, kowa ya manta da ni, sai Kyaftin ya matso. Ya ce da Turanci, ni ce na san abin da ke cikin takarda kuma na ji abin da ta faɗa, shin ta faɗi komai?

Na san abin da ta tsallake. Tun tana magana nake ƙirgawa, ina jira ta yi tuntuɓe, kuma ta yi. Ba zan yi ƙarya in ce tsoron Allah ko tausayin fasinja ne ya buɗe bakina ba.

"Ba ta faɗa musu su bar kayansu ba," na ce. "Layi na shida. Shi ne mafi muhimmanci, kuma ta ƙi faɗa don ta san ba za su yarda ba. Wasa kawai ta yi da su."

Kyaftin ya kira ta. Na ga fuskarta lokacin da ya gaya mata, na ga ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce. Kallon mamaki ne, irin na wanda kare na gida ya ciza. A raina na ce, to baiwa, ga ki ga 'yan kasuwa, ki raba su da kayansu mu gani.

Ta koma tsakiya ta tafa hannu.

"Iyayena, saura magana guda, yayata ta tuna mani. Allah shi yi mata albarka." Wannan ma sai da ta soke ni. "Baba Alhaji, in an zo fito, mutum da kayanshi gora guda suke hawa?"

"Ina! Mutum tukuna, kaya daga baya."

"Wanda ya ce shi sai da buhunshi fa?"

"Shi aka bari gaɓa."

"To nan ma haka ne. Ranar da ba mu hwata, hannu biyu na gora ne da na yaro. Kaya su jira."

Hajiya ta dafe ƙirji bisa rigar. "Kwanukan nawa? Ɗiyar nan, kin san abin da na zuba cikinsu?"

"Hajiya, ke kika sayi kwanuka ko su suka saye ki?"

Mata suka kwashe da shewa. Hajiya ta kai mata dukan wasa, ta ce ja'ira, Allah ya shirye ki. Ba wanda ya sake nufar matakala. Jami'in ya sa hannu a littafinsa ya sauka.

Kyaftin bai yi dogon bayani ba. Ya ce Turancina ya fi nata nesa ba kusa ba, kuma ya gode da na lura da layi na shida. Amma shi fasinja yake ɗauka, ba Turanci ba. Ya ce wa Lami in Gwaggo ta yarda ta bi su yau ɗin nan, matar mai dafa abinci za ta kula da ita, jibi su dawo. Aka aika wurin Gwaggo, ta taho da gudu da zane a hannu, tana guɗa a tashar mutane.

Aka kawo takardar ɗaukar aiki. Lami ta juya ta, ta miƙo mini da alƙalami.

"Uwar ɗakina, cika mani. Kin san hannuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa."

"Ba ki jin haushina?"

"Haushin mi? Da ba ki hwaɗa ba ai da na manta."

Ba mantawa ta yi ba, ni da ita duk mun sani. Na karɓa na rubuta sunanta da na ubanta da garinsu, na danna alƙalamin har ya huda takardar. Ta dangwala yatsa. Wata ma'aikaciya ta kawo mata farar riga ta ɗora bisa atamfarta, ta yi mata yawa a kafaɗa, kuma duk da haka ta yi mata kyau. Wannan ma na gani.

Da zan sauka sai da na ratsa ta cikin mata. Suka janye ƙafafu da yaransu daga hanyata. Hajiya ta ce, ba da ƙarfi ba amma don in ji, "A bar mai bakin nan ta sauka tukuna kafin a tada inji."

Muka tsaya a gaɓa ni da Gwaggo. Aka kwance igiyoyi, jirgi ya yi kuka ya fara ja da baya. Lami ta fito bakin shingen ƙarfen jirgin cikin farar rigarta tana ɗaga hannu biyu tana kiran sunana. Gwaggo tana ta jero addu'a, Allah ya tsare, Allah ya kai lafiya, Allah ya sa a dawo da alheri. Ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Malama, ba ki yi wa ƙanwarki addu'a?"

Na buɗe baki. Ina son Lami, Allah ya sani, kuma a daidai lokacin nan ba abin da ban ji a cikina game da ita da jirginta da farar rigarta ba. Ban taɓa yarda da zancen mugun baki ba, a makaranta dariya muke yi wa masu faɗinsa. Amma ranar nan na dubi faɗin ruwan da za ta ratsa, na sa tafin hannu na toshe bakina, ban cire ba sai da jirgin ya ɓace bayan wani tsibiri.